Dutse Na Huɗu da Bokitin Farar Ƙasa

Duk tsawon shekarun da na yi a wannan aiki, akwai safiya ɗaya da ban taɓa mantawa da ita ba, safiyar Larabar da na zagaya bayan ɗakin gwaji na tarar duwatsunmu goma sha biyu babu ko ɗaya. Ku da kuka zo koyon aiki bana kun tambaye ni dalilin da ya sa, tun kafin a nuna muku teburinku, ake kai ku bayan gini a ba ku buta. Ga dalilin.

A shekarar 1999, lokacin da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, ina aji uku a jami'a ina karatun tsirrai. Aka turo ni koyon aiki na wata shida a wannan ƙaramin ofishin bincike na Gyadi-Gyadi. Gidanmu a Tarauni yake, in na yi sammako da ƙafa ma nake tahowa, in na makara in hau motar haya ta hayis. A lokacin ba ni da magana. In mutum uku suka taru muryata ba ta fita, gaisuwa ma sai na shirya ta a raina tun daga bakin ƙofa. Abin da na iya shi ne karatu da rubuta abu daidai yadda na gan shi.

Tsarin ofishin ba shi da wuya. Darakta ne a sama, amma ya fi zama a hedikwata. Ƙasa da shi akwai Alhaji Sabo, sakataren ofis, mai kula da ma'aikata da gini da mota, kuma shi ke sa hannu a littafin duk ɗalibin da ya zo koyon aiki. Ɗakin gwaji kuwa yana hannun Baba Yohanna, mutumin Filato da ya daɗe a Kano, saura 'yan watanni ya yi ritaya. A ƙarƙashinsa aka sa ni.

Abin da Baba Yohanna ke nazari a kai shi ne ɓawo-ɓawon nan da ke manne a jikin duwatsu. Littafi na kiran sa laikin, mu kuma a ofis gansakukar dutse muke cewa. Ba irin ta bakin rijiya ba ce. Halitta biyu ce ke zaman tare a jiki ɗaya: ɗaya dangin funfuna ce, ita ke kama dutse ta gina gida, ɗayar kuma ƙwayar halitta ce da ke haɗa musu abinci da hasken rana. Irin da Baba ya ɗebo daga duwatsun wajen Rano sunanta Peltula a littafi. Ƙananan ɓawo ne masu launin ƙasa-ƙasa, wani bai kai ƙwayar dawa ba. Da rani takan bushe ƙamas, ta yi watanni ba ɗigon ruwa a kan dutse mai zafin da ba a iya dafa shi. Wanda bai sani ba zai rantse datti ne.

Shekara goma sha ɗaya Baba ya yi yana awon duwatsun nan. Duk bayan wata uku sai ya yayyafa musu ruwan sama da yake tarawa a jarka, ya shimfiɗa leda mai haske a kan kowane, ya bi gefen gansakukar da siririn biro, sannan ya ɗora ledar a kan takarda mai ƙananan gidaje ya ƙirga. Da haka ake sanin yadda take girma. Kowane dutse yana da lamba da kibiya mai nuna gabas, amma a ƙasansa aka rubuta, don Baba ba ya so tawada ta taɓa saman. Ku riƙe wannan, domin daga nan matsalar ta fito.

A makon da nake ba ku labari, Baba ya ɗauki hutu ya tafi gida bikin 'yarsa. Da zai tafi ya miƙo mini mabuɗi da babban littafin awo.

"Sa'a, ga 'ya'yana nan," in ji shi. "Ba sa kuka, ba sa neman abinci. Ki dai riƙa leƙa su."

Ranar Litinin takarda ta zo daga hedikwata cewa sabon kwamishina, farar hula, zai kawo ziyara ranar Alhamis. Ofis ya rikice. Babu wanda ya san halin sababbin mutanen, don haka Alhaji Sabo ya koma kan abin da aka saba tun zamanin soja: a share, a sare ciyawa, a jera duwatsu a gefen hanya daga ƙofa har bakin ofis, a shafa musu farar ƙasa, har da gindin bishiyoyi. Ranar Talata da yamma, bayan na tashi, ya auna hanya da ido ya ga duwatsun ba za su kai ƙofa ba. Wani lebura ya ce ai akwai wasu a bayan ɗakin gwaji suna zaune ba aikin komai.

Da safe na zo na tarar da gurbi goma sha biyu a ƙasa. Na tsaya ina ƙirga ramukan kamar ƙirgar za ta dawo da su. Sai na ji ƙarar karta daga gaban ofis, ƙarar waya a kan dutse. Ban san lokacin da na jefar da jakata na sheƙa ba.

Malam Ila ne, tsohon da ke kula da shara da shuke-shuken ofis. Yana tsugune da buroshin waya a hannu, bokitin farar ƙasa a gefe, yana bin jerin duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya gama ɓangaren hagu gaba ɗaya. A ɓangaren dama ya karce na farko ya shafe shi fari fat, ya ɗora buroshi a kan na biyu.

"Baba Ila, tsaya! Don Allah tsaya!"

Ya ɗago a firgice, don bai taɓa jin muryata da ƙarfi ba. "Subhanallahi! 'Yar makaranta, maciji ne?"

"Duwatsun Baba Yohanna ne."

"To ai gyara su nake yi masa. Dubi dattin da ya bari a kansu. In ya dawo sai ya gode mini."

Na durƙusa a kan tsakuwa na kifa wanda ya riga ya shafe. Lamba huɗu. Na san shi, domin shi ne mai gansakuka mafi faɗi, wadda Baba ke kira uwar gida. Babu abin da ya rage, buroshi ya kankare ta farar ƙasa ta rufe gurbin. Na tashi na bi sauran jerin. Akwai duwatsu wajen talatin a ɓangaren, namu sun gauraye da na gari, amma na yi wata uku ina kallon su kullum. Ba na buƙatar kifa su. Na nuna ɗaya bayan ɗaya har goma sha ɗaya, na aza ganyen darbejiya a kan kowane don alama, har da na huɗun da aka shafe.

Malam Ila ya ajiye buroshi ya kalle ni. "Ni dai ɗiyata umarni aka ba ni. Kafin azahar Alhaji yake so hanya ta yi fari. In kina da magana, ga shi can."

Alhaji Sabo na fitowa daga ofis da takarda a hannu, yana faɗa da wani a kan kujerun haya. Ban taɓa ce masa komai ba sai ina kwana. Na tuna shi ne zai sa hannu a littafina. Na kuma tuna Baba Yohanna da ledojinsa na shekara goma sha ɗaya a cikin durowa. Na matsa na rusuna.

"Ranka ya daɗe, waɗannan duwatsun na ɗakin gwaji ne. Kada a shafa musu."

"Ke ce 'yar jami'ar nan ko? Waɗanne duwatsu?" Ya dubi ganyayen da na jera. "Waɗannan masu ƙazuwar? Ai su suka fi buƙata."

"Abin da ke kansu yana da rai, ranka ya daɗe."

Leburori biyu suka fashe da dariya. Alhaji ya sa farce ya ɗan taɓa ɗaya, ya duba yatsansa.

"Yarinya, na girme ki da shekara talatin. Na san mai rai, na san busasshen kashin tsuntsu. Gobe kwamishina zai shigo ta nan. Ila, ci gaba."

"Minti biyar," na ce. Muryata ta fito siririya amma ta fito. "A ba ni minti biyar da buta. In ba ka ga komai ba, ni da kaina zan riƙe wa Baba Ila bokiti."

Ina jin wannan maganar ce ta ba shi dariya, shi ya sa ya yarda. Ya duba agogo ya ce, "Biyar. Na fara ƙirgawa."

Na ruga ɗakin gwaji na ɗauko jarkar ruwan sama da gilashin ƙara girma, na karɓi butar alwalar Malam Ila na zuba a ciki. Na zaɓi dutse na tara. Na yayyafa a hankali yadda Baba ya koya mini, ba kwarara ba. Ruwan ya bi jikin dutsen ya shige. Babu abin da ya faru. Direban ofis ya matso, mai tsaron ƙofa ya matso, matar da ke sayar mana da ƙosai a bakin titi ma ta leƙo.

"Saura huɗu," in ji Alhaji.

"Ko sai an yi masa tofi ne?" in ji direba.

Sai gefen ya fara sauyawa. Ɓawon da yake kamar ƙonannen ƙanzo ya soma kumbura yana buɗewa, launin ƙasa ya ja baya, kore mai duhu ya biyo, irin na ɗanyen ganyen kuka. Ya fara daga inda ruwa ya fi zama, ya bazu har ya game saman dutsen. Na taɓa gani ranar awo, amma ranar nan sai da tsikar jikina ta tashi. Dariyar ta ɗauke. Na miƙa wa Alhaji gilashi, ya tattare rigarsa ya sunkuya.

"Ikon Allah," in ji shi. Ya ƙara matsawa. "Kai! Kamar ƙananan kunnuwa. Ke, wannan tun yaushe bai sha ruwa ba?"

"Tun awon watan Maris, ranka ya daɗe, ga shi damina ba ta sauka ba tukuna. Zai iya fin haka ma."

"Ba ni in gani, ba ni in gani," in ji mai ƙosai. Gilashi ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, kowa na salati. Malam Ila kaɗai bai karɓa ba. Ya koma ya tsuguna gaban dutse na huɗu, ya daɗe yana kallo.

"Ashe rai na kashe da sassafe," in ji shi. "Shekara nawa ina share bayan ɗakin nan, babu wanda ya taɓa gaya mini."

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Alhaji Sabo ya miƙe ya kaɗe rigarsa, halinsa na sakatare ya dawo.

"Na gani, kuma na yarda. Amma in kika kwashe su hanya ta yi giɓi, babu kuma lokacin nemo wasu. In na bar su haka, kwamishina ya ga fari da baƙi, ya ce mun raina shi don ba kaki a jikinsa." Ya sake duban jerin. "Ga abin da za a yi. Su zauna a jerin, ba a shafa musu. In ya wuce bai kula ba, shi ke nan. In ya tambaya, ke za ki ba da amsa, ba ni ba. In kuma ransa ya ɓaci, jibi da safe Ila ya shafe su duka, kowa ya huta. Kin yarda?"

Da a ce ya ce in ɗauki duwatsun a ka zuwa Tarauni, da ya fi mini sauƙi. Na ce na yarda.

Da na koma gida na rubuta abin da zan faɗa a takarda shafi biyu, na karanta wa mahaifiyata tana tankaɗe. Ta saurara har ƙarshe sannan ta ce, "Sa'a, ni ban gane ko kalma ɗaya ba. Me ya sa ba za ki zuba masa ruwan kawai ba, yadda kika yi wa Alhajin?" Na ninke takardar na ajiye.

Ranar Alhamis aka ce ƙarfe goma, bai iso ba sai kusan sha biyu, da motoci da 'yan rakiya cike da fili. Rana ta riga ta mayar da dutse na tara kamar ba a taɓa jiƙa shi ba. Ina tsaye a ƙarshen layin ma'aikata, buta a bayan ƙafata, ina addu'a biyu masu karo da juna: Allah ya sa kada ya kula, Allah ya sa ya kula.

Ya sauka a bakin ƙofa ya tako da ƙafa. Dattijo ne mai furfura, an ce tsohon malamin makaranta ne. Ya yi taku kamar goma ya tsaya.

"Sakatare, farar ƙasar ce ta ƙare muku? Ko kun bar mana rabin aikin ne mu ƙarasa?"

'Yan rakiya suka yi dariya. Alhaji Sabo ya juyo ya kalle ni, kowa ya bi idonsa.

Na ɗauki buta na fito. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in nuna maka wani abu."

Wani cikin 'yan rakiya ya ce, "Alwala za ta yi mana?" Kwamishina ya ɗaga masa hannu.

Na yayyafa wa dutse na biyu da na tara. Wannan karon na san zai ɗauki lokaci, don haka na yi shiru na bar shi. Da koren ya fara fitowa na ji wani a baya ya ce, "La'ila!" Kwamishina ya karɓi gilashi, ya tattara babbar rigarsa ya tsuguna a kan tsakuwa, mai ɗaukar hoto na ta zagaye shi.

"Wane ne ya shuka?"

"Ba a shuka ta, ranka ya daɗe. Da dutsen aka ɗauko ta."

"Me take ci?"

"Hasken rana da ɗan ruwan da ya samu. In babu ruwa sai ta tsaya ta jira."

"To mene ne amfaninta?"

Wannan tambayar na fi tsoro, amma sai na ji bakina ya buɗe. Na ce a hankali take cin jikin dutse tana mai da shi gari, ƙura da ɗan danshi su taru a ƙarƙashinta, daga nan ciyawa ta samu wurin kamawa. Na ce Baba Yohanna yana so ya san saurin girmanta a irin zafinmu, shi ya sa yake awo. Na ɗauko ledar farko da ta ƙarshe ta dutse na tara, waɗanda na taho da su a jaka, na ɗora ɗaya a kan ɗaya na ɗaga su sama.

"Wannan layin na shekarar farko ne, wannan na bana."

Ya ƙanƙance ido. Tazarar ba ta kai faɗin farcen ɗan yatsa ba.

"A shekara nawa?"

"Goma sha ɗaya, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya har da dafa ƙasa. "Kun ji ko? Mu da aka ba shekara huɗu, an ce mu gyara komai!" Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. Idonsa ya sauka kan farin dutsen da ke farkon jerin, inda na bar ganyen darbejiya. "Wancan fa?"

Kafin in yi magana Malam Ila ya fito daga layi ya cire hula. "Ni ne, ranka ya daɗe. Ban sani ba."

"Umarnina ne," in ji Alhaji Sabo. Ban zaci haka daga gare shi ba, kuma tun daga ranar nake ganin girmansa.

Kwamishina ya ce a mayar da su inda suke, a kewaye su da waya, kada a sake kusantar su da bokiti. Ya wuce ciki. Ni kuwa na koma bayan ɗakin gwaji na zauna a ƙasa, ina dariya ni kaɗai, butar tana hannuna.

Da yamma ni da Malam Ila muka mayar da su, kowane a gurbinsa, kibiya tana kallon gabas. Na huɗu ma ya ce sai an mayar da shi.

Baba Yohanna ya dawo ranar Litinin da tsarabar dankali. Na ba shi labari daga farko har ƙarshe ban rage komai ba. Ya je ya tsaya kan dutse na huɗu ya duba shi. Sannan ya buɗe littafin awo ya rubuta abin da ya faru a shafinsa, ya ja layi. Malam Ila ya zo zai durƙusa, Baba ya riƙe shi.

"Tashi, Malam. Shekara goma sha ɗaya kana share musu wuri, ban taɓa kiran ka na zuba ruwa ka gani ba. Na ɓoye lamba a ƙasa kamar kayan sata. Laifin nawa ne."

A makon ya kafa allo mai rubutun Hausa, ya kuma kafa dokar da kuka tarar: duk wanda ya fara aiki a nan, darakta ne ko mai gadi, ranar farko a ba shi buta. Abin da na koya ke nan. Awo daidai da rubutu mai kyau ba su isa su tsare aikinmu ba. Wanda yake wucewa ta gabansa kullum da tsintsiya shi ne zai tsare shi ko ya ɓata shi, kuma ba zai tsare abin da ba a nuna masa ba.

Bayan na gama karatu aka ɗauke ni aiki a nan, na gaji littafin Baba. Damina bayan damina ta wanke farar ƙasar dutse na huɗu, ya zauna tsirara. Malam Ila kuwa ya zama mai gadin wayar nan, ko akuya ba ta isa ta raɓe ta ba. Wata safiya, saura kaɗan shi ma ya ajiye aiki, ya ƙwanƙwasa tagar ɗakin gwaji da ƙarfi kamar gobara ta tashi.

"Malama Sa'a! Ɗauko gilashin nan ki zo!"

Ya riga ya yayyafa ruwa. A gefen gabas na dutse na huɗu akwai ɗigon kore guda ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba. Na duba sau uku kafin na gyaɗa masa kai. Ya zauna a ƙasa ya ajiye butar.

"Ta dawo," in ji shi. "Rubuta. Ki sa ni na fara gani."

Ku buɗe littafin awo, shafin dutse na huɗu, ƙasa da layin da Baba Yohanna ya ja. Sunansa na nan.